Ƙwayar tazarar haihuwa iri uku ce: yadda za ki gane taki, ki sha ta lafiya

Ni ungozoma ce. A wani ƙaramin asibiti nake aiki tsakanin Aboabo da Asawase a nan Kumasi, kuma ranakun awon jarirai ni ke zama a ɗakin tazarar haihuwa. Yawancin matan da ke shigowa wurina sun riga sun fara shan ƙwaya tun kafin mu haɗu. Wata ƙawarta ce ta ɓallo mata, wata ta aiki yaro kantin magani, wata kuwa ta ga matar wanta tana sha ba abin da ya same ta. In na tambaya, "Wacce kike sha?" sai a ce, "Anti, 'yar ƙaramar nan dai." To ai dukansu ƙanana ne. Amma iri uku ne, aikinsu daban, dokar shansu daban, kuma wadda ta karɓi ƙawarki tana iya kwantar da ke.

Kafin komai, ɗauko katin ki dube shi gaba da baya. In ƙwayoyin 21 ne, ko 28 masu launi biyu, kuma an rubuta sunayen sinadarai biyu, ɗaya daga ciki ethinylestradiol, wannan ita ce haɗaɗɗiya. Microgynon da Secure duk a nan suke. In launinsu ɗaya ne gaba ɗaya, 28 ko 35, sinadari ɗaya tak, ita ce muke kira ta masu shayarwa, kuma Microlut aka fi sani. In kuwa ƙwaya ɗaya ce ko biyu rak a katin, ta gaggawa ce, irin su Postinor-2. Sunan Lydia yana kan ta kullum, yana kuma kan ta gaggawa, don haka sunan da ke kan kwali kaɗai bai isa shaida ba.

Haɗaɗɗiya: wa za ta sha, wa ba za ta sha ba

Sinadarai biyu ne a cikinta masu kama da waɗanda jikin mace yake yi da kansa, estrogen da progestin. Aikinta hana ƙwai fita duk wata. A 1960 aka fara sayar da ita a Amurka, lokacin ƙwaya ɗaya tana ɗauke da estrogen har maikrogiram 150. Microgynon ta yau 30 ne a cikinta. An yi ta rage shi ne don shi ke sa jini saurin daskarewa a jijiya, kuma kusan duk sharuɗɗan da zan kawo miki daga nan suka samo asali.

Ba na miƙa wa mace haɗaɗɗiya sai na ɗaura mata abin awon jini a hannu. In na sama ya kai 140, ko na ƙasa ya kai 90, sai mu nemi wata hanyar. In ya kai 160, ko na ƙasa 100, babu ma zancenta. Hawan jini ba ya sallama. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, jiki a murje, ba ta taɓa kwanciya asibiti ba sai haihuwa, ta daɗe tana sha daga katin da yarinyar shagonta ke sayo mata. Na auna, na bar ta ta huta, na sake aunawa, na sama ya haura 160. Ta ce, "'Yata, ni fa ko ciwon kai ba na yi." Haka ne, yawancinsu ba sa yi. A wannan awon ko allurar wata uku ba ta dace da ita ba, sai muka sa mata ashanar hannu, na tura ta wurin likita don a kula da jinin. Kantunan magani da yawa a garin nan suna da na'urar awon, kuma abin bai fi minti biyu ba. Ki auna kafin ki saya, ba bayan kin sha kati uku ba.

Mace mai shekara 35 ko fiye da ke shan taba, ba tata ba ce. Ni har shisha nake lissafawa, tunda ita ma taba ce ko da an zuba mata ƙamshi. Sai ciwon ɓarin kai, kuma a nan nake son ki natsu. In kafin ya taso kina ganin walƙiya-walƙiya ko zane-zane a idonki, ko wani sashe na abin da kike kallo ya ɓace na ɗan lokaci, kada ki sha haɗaɗɗiya ko shekarunki nawa, domin haɗuwar biyun na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. In ciwon ɓarin kan ba ya zuwa da wannan alamar amma kin kai 35, ita ma a bar ta. Haka wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko a huhu, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, mai kansar mama ko wadda ta taɓa yi, mai ciwon hanta mai tsanani ko shawara, mai ciwon matsarmama, da mai ciwon suga da ya haura shekara 20 ko ya fara taɓa ido, ƙoda ko jijiyoyi. In za a yi miki babbar tiyata da za ta kwantar da ke kwanaki, ki gaya wa likitan kina sha. Mai sikila ba a hana ta ba, amma hanyoyin da babu estrogen sun fi mana kwanciyar hankali a kanta.

Akwai kuma magungunan da ke karya ƙarfinta: rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka, da wasu na farfaɗiya kamar carbamazepine, phenytoin da phenobarbital. Mai shan waɗannan, allura ko robar mahaifa ta fi mata. Amoxicillin da maganin zazzaɓin cizon sauro ba ruwansu da ita, kada ki daina shan ƙwayarki saboda su.

Yadda ake shan ta

In kin fara cikin kwana 5 na farkon al'adarki, kariya ta fara nan take. In daga baya kika fara, kuma kin tabbata babu ciki, sai ku yi amfani da kwaroron roba ko ku ƙaurace wa juna kwana 7. Ki bi kibiyoyin da ke jikin katin, ɗaya kullum, ko maigida yana gari ko ya yi tafiya. Matan direbobin manyan motoci da ke zuwa Bawku ko Wagadugu su ne suka fi yi mini wannan: maigida ya tafi, a ajiye kati, ya dawo, a ɗauko. Ba haka take aiki ba.

A kati mai 28, guda 21 na farko su ne maganin. Bakwai na ƙarshe, masu ruwan ƙasa galibi, babu sinadarin hana ciki a cikinsu, a wasu ma na ƙarin jini ne, kuma a kwanakinsu jini yake zuwa. Kina gama su, washegari ki buɗe sabon kati ko jinin bai ɗauke ba. A kati mai 21 kuwa hutu ake yi na kwana 7, ba 8 ba. Jinkirin buɗe sabon kati ya fi mantuwar tsakiyar wata haɗari, domin a lokacin jiki ya riga ya yi mako guda babu magani, ƙwai na dab da samun hanya. Shi ya sa nake cewa a sayi kati na gaba tun wannan bai ƙare ba.

Maganar lokaci, shawarata ɗaya ce ga matan Zango: ki ɗaura ta da kiran sallar Isha'i. A Kumasi rana kusan ƙarfe shida take faɗuwa duk shekara, kuma lokacin Isha'i ba ya matsawa ya kai awa guda tsakanin rani da damina. An riga an ci tuwon dare, don haka tashin zuciya yana raguwa. In azumi ya zo ba sai kin sauya komai ba. Na ce kiran salla, ban ce sallar ba, saboda ranakun da ba ki salla ma ladan bai fasa kira ba, kuma a Aboabo ba gidan da ba a jin lasifikar masallaci. Wadda ta ɗaura ta da safiya, ga shirin 'yan makaranta, ga gudun motar tirotiro zuwa kasuwa, ita ce ke tunawa da azahar a gaban kayanta alhali kati yana gida.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna girman abin. Cikin mata 100 da ke sha ba kuskure, wadda ke ɗaukar ciki a shekarar farko ba ta kai ɗaya ba. Yadda mutane suka saba sha kuwa, da mantuwa da jinkiri, kusan 7 ne.

In kin manta ɗaya ko biyu, ki sha ɗaya da zarar kin tuna, ki ci gaba kamar kullum, ko da hakan zai sa ki sha biyu a rana guda. Ba wata fargaba. In uku ne ko fiye a jere, ko kin makara kwana 3 wajen buɗe sabon kati, ki sha ɗaya nan take, ki ci gaba, ku yi amfani da kwaroron roba kwana 7, kuma in an sadu cikin kwana 5 da suka wuce ki nemi ta gaggawa. In a mako na uku mantuwar ta faru, akwai ƙari: ki ƙarasa masu maganin, ki zubar da bakwai masu ruwan ƙasan, washegari ki buɗe sabon kati babu hutu. Wataƙila ba za ki ga al'ada a watan ba, ba komai. Wannan lissafin na masu maikrogiram 30 ne zuwa 35. In taki mai 20 ce, mantuwar biyu ma ki ɗauke ta kamar uku. In kin yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake shan wata. Amai ko gudawa mai tsanani da ya wuce kwana 2, ki bi dokar wadda ta manta uku.

Ta masu shayarwa

Kwanika ce ke kawo mini mata da yawa, wasu da kuka. An yi suna, an yi arba'in, an koma ɗaki, kowa na cewa ai mai goyo ba ta ɗaukar ciki. Shayarwa tana karewa, gaskiya ne, amma sai abu uku sun haɗu: al'ada ba ta dawo ba, jariri bai kai wata 6 ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Ranar da kaka ta fara ɗura masa koko, lissafin ya rushe. Kuma ƙwai yana riga jinin farko fita, don haka mace na iya yin ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba.

Mai shayarwa ba a ba ta haɗaɗɗiya sai jariri ya kai wata 6, saboda estrogen na iya rage nono, ga kuma jinin mai jego da dama yake da saurin daskarewa a makonnin farko. Wadda ba ta shayarwa ma sai ta yi kwana 21 da haihuwa. Ita kuwa mai progestin kaɗai ba ta taɓa nono, kuma ana iya fara ta tun kafin arba'in. Aikinta kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba, wani lokaci ta hana ƙwai fita. Mai hawan jini da mai shan taba ma suna iya shan ta. Mai kansar mama, mai ciwon hanta mai tsanani, wadda jini ya daskare mata yanzu, da mai shan magungunan tarin fuka ko farfaɗiyar da na ambata, ban da su.

Sai dai ba ta da haƙuri. Babu ranar hutu, kati na ƙarewa wani na farawa. In kin makara fiye da awa 3, kin manta ke nan: ki sha nan take, ku kiyaye kwana 2 da kwaroron roba, musamman in al'adarki ta dawo. Irin mai desogestrel kuwa tana ɗaga ƙafa har awa 12. Mai shayarwa tana da kariya biyu, shi ya sa cikin 100 kusan ɗaya ce ke ɗaukar ciki a shekara. Da an yaye, sai ƙwayar ta zama ita kaɗai, kuma a nan nake tambayar mace gaskiya: za ki iya riƙe awa ukun nan? In ba za ki iya ba, mu koma haɗaɗɗiya in jikinki ya yarda, ko allura, ko ashana.

Ɗigon jini ba kan lokaci ba shi ne abin da ya fi sa mata watsar da ita. Ba cuta ba ne. Damuwar da ke ƙarƙashinsa, wadda ba a cika faɗa wa nas ba, ita ce salla da azumi. Malaman fiƙihu sun bambanta jinin haila da jinin ciwo, wato istihala, don haka ki kai tambayar wurin malamarku ta makaranta kafin ki yanke wa ƙwayar hukunci.

Ta gaggawa, da wadda ake kira N

Ta gaggawa levonorgestrel ce miligiram 1.5, ko dai ƙwaya ɗaya ko biyu da za a iya haɗiyewa tare. Ana shan ta bayan saduwar da ba kariya: kwaroron roba ya fashe, an manta ƙwayoyi, ko an yi wa mace fin ƙarfi. Gwargwadon saurin sha, gwargwadon aikinta. Cikin kwana 3 ta fi ƙarfi, ana iya sha har kwana 5. Akwai wata mai suna ulipristal da ta fi ta riƙe ƙarfi zuwa kwana na 5, kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe da aka sa cikin kwanakin nan ta fi su duka. Ita ƙwayar gaggawa jinkirta fitar ƙwai take yi. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, ba ta kuma cutar da shi. Ba ta kare saduwar gobe. In kin yi amai cikin awa 2 ki sake sha, in al'ada ta makara fiye da kwana 7 ki yi gwajin ciki.

Abin da nake gani shi ne amare da matan da mazansu ke zuwa jefi-jefi sun mayar da ita ta yau da kullum. Ba guba ba ce, ba ta kashe mahaifa. Amma ruwan kashe gobara ne, ba da shi ake girki ba: ta fi tsada in aka tara kuɗin, tana hargitsa al'ada har mace ta kasa lissafi, kuma kariyarta ba ta kai ta mai sha kullum ba. Wadda ta sha levonorgestrel yau tana iya fara ta kullum gobe. Bayan ulipristal kuwa sai an jira kwana 5.

Ita kuwa N, wato Primolut N, da ake sha kafin saduwa ko bayanta a garin nan, norethisterone ce miligiram 5, kuma ba don hana ciki aka yi ta ba. Likita ke rubuta ta don jinkirta al'ada ko tsayar da zubar jini. Masu shirin tafiya Makka da ke son ɗage al'ada su zo da wuri a auna su, kada su saya a kan hanyar filin jirgi, domin ita ma tana da nata sharuɗɗan.

Abin da za ki jure, da wanda ba a jurewa

A watanni ukun farko ana iya samun tashin zuciya, ɗan ciwon kai, nauyin mama, ɗigon jini ko sauyin hali. Galibi suna wucewa. In ba su wuce ba ki dawo a sauya miki. Ƙwaya ba ta taruwa a ciki, kullum jiki yake narkar da ita ya fitar, shi ya sa ma ake sha kullum. Ba ta haifar da ƙarin mahaifa. Haɗaɗɗiya tana rage yawan jinin al'ada da ciwon mara, tana kuma rage haɗarin kansar mahaifa da ta ma'ajiyar ƙwai. Ta ɓangaren kansar mama akwai ɗan ƙarin haɗari lokacin da ake sha, yana raguwa bayan an daina. Babu ko ɗaya cikin ukun da ke kare ki daga ƙanjamau ko ciwon sanyi, wannan aikin kwaroron roba ne.

Wanda ba a jurewa: ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe, sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ciwon kai irin wanda ba ki taɓa yi ba, gani ya dushe, harshe ya karye ko hannu ya saki, ido ya yi ɗorawa, ko ciwon mara mai tsanani bayan ɓatan wata. Kada ki sha ta daren, kada a tsaya shafa man zafi. A nufi asibiti mafi kusa ko sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, da katin ƙwayar a hannu.

Kan maganar maigida ra'ayina a fili yake: ƙwaya ba abin ɓoyo ba ce. Wadda ke tura kati cikin buhun shinkafa ko bayan murhu ita ce ke mantawa, ga zafi na lalata magani, ga yara na iya tsinta, kuma masu ƙarin jinin nan haɗari ne ga ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa. Malamai da dama sun halatta tazara da yardar ma'aurata, suna kafa hujja da azalu, wato zubar da maniyyi a waje, da sahabbai suka yi. Ki zo da shi mu yi magana, mazan da suka zauna suka ji bayani ba su cika ƙi ba. Ki ajiye katin wuri mai sanyi da hannun yaro ba ya kaiwa, ki duba ranar lalacewarsa kafin ki biya.

Ranar da kuka shirya sake haihuwa, dainawa kawai za ki yi. Babu wankin mahaifa, babu jiƙo, kuma ciki na iya shiga a watan farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wata 6 bayan ɓari. Ki fara shan folic acid maikrogiram 400 kullum tun kafin ki ajiye katin, domin lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne a makonni huɗun farko, lokacin da mace ba ta ma san tana da ciki ba.